Nadamar Mai Nasara: Fim ɗin Asoka a Ma'aunin Tuba da Sulhu na Ƙasar Kazaure

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki fim ɗin Asoka (2001) na Santosh Sivan, wanda aka gina a kan labarin sarkin Indiya da ya juya wa yaƙi baya bayan ya ci ƙasar Kalinga, ta auna shi da kalmomin da Bahaushe yake auna irin wannan al'amari da su, wato haƙuri da tuba da sulhu. An kwatanta labarin da yadda yaƙin Ɗan Tunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya ƙare a 1824. Abin da ake son nunawa shi ne, a Kalinga an yi nadama amma ba a mayar da ƙasa ba, a Kazaure kuwa an bar wa mai ƙasa ƙasarsa ba tare da an ji nadamar kowa ba.

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo da su, fina-finan Indiya suka samu gindin zama a ƙasar Hausa. Brian Larkin (1997, 2008) da Abdalla Uba Adamu sun yi bayani mai gamsarwa a kan dalilan wannan karɓuwa, da yadda ta yi naso a littattafan soyayya da fina-finan Hausa. Sabon ya kai har 'yan kallon Kano suka raɗa wa taurarin sunaye irin nasu: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. A garuruwan arewa maso yammacin Jigawa, irin su Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, fina-finan sun bi hanyar da suka bi a sauran ƙasar Hausa, daga kaset ɗin bidiyo da gidan kallo zuwa faifan CD, yanzu kuma wayar hannu, inda masu tura fina-finai suke loda wa mutum na fassarar Hausa a kan kuɗi kaɗan.

Sai dai yawancin nazarin ya tsaya ne a kan soyayya da auren tilas da waƙa da rawa. Fina-finan tarihi da yaƙi ba su samu irin wannan kulawa ba, alhali suna taɓo tambayoyin da al'ummar da ta gaji ƙarnin jihadi, kuma take fama da 'yan bindiga a yau, ba za ta ɗauke su da wasa ba: me yake mayar da takobi kube, kuma me ake bin wanda ya ce ya daina? Fim ɗin Asoka (haka aka rubuta sunansa, sarkin kuwa za a riƙa kiransa Ashoka a nan) ya dace da waɗannan tambayoyi. Ya fito ranar 26 ga Oktoba 2001, makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba da fara ruwan bama-bamai a Afganistan, kuma kimanin mako biyu bayan zanga-zangar da aka yi a Kano a kan wannan yaƙi ta rikiɗe ta zama tarzoma.

2.0 Takobi da Ruwa: Zubin Labarin

Fim ɗin ya buɗe da tsohon sarki Chandragupta, wanda ya kafa daular Mauriya, yana rabuwa da mulki domin ya shiga zuhudu irin na addinin Jaini. Jikansa ƙarami ya nemi a ba shi takobinsa. Tsohon ya hana, ya gargaɗe shi cewa wannan takobi da zarar an zare shi jini yake nema, bai san masoyi ba bai san maƙiyi ba, sannan ya jefa shi a ruwa. Yaron ya koma ya tsamo shi, da ya gwada wasa da shi sai ya kashe tsuntsaye ba da niyya ba. Duk abin da ya biyo baya warwarar wannan fitowa ta farko ce.

Ashoka ya girma (Shah Rukh Khan ne ya fito a matsayinsa), ya zama barden yaƙin mahaifinsa Bindusara, abin da ya jawo masa ƙiyayyar 'yan ubansa, musamman Susima. Mahaifiyarsa, saboda tsoron kada a kashe shi, ta tilasta masa barin fada. Ya ɓad da kama, ya ari sunan dokinsa, Pawan, ya shiga duniya. A can ya haɗu da Kaurwaki, gimbiyar Kalinga (Kareena Kapoor), da ƙanenta Arya, su ma suna gudun waɗanda suka kashe iyayensu. Suka yi aure a ɓoye ba tare da ta san ko shi wane ne ba. Aka kira shi gida, da ya dawo aka ce masa ita da yaron sun mutu. Daga baya ya auri Devi, mabiyar addinin Buda da ta yi jinyarsa lokacin da ya samu rauni. Makasan da aka aiko wa Devi suka kashe mahaifiyarsa. A nan ne mutumin ya juye: Susima ya rasa ransa, aka bi sauran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ya hau karaga, ya shiga cin ƙasashe har aka yi masa laƙabin Ashoka azzalumi. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan ya nemi mafaka a Kalinga, sai ya ɗaura wa Kalinga yaƙi, bai san matar da yake makoki tana raye ba, tana cikin masu kare ƙasar, ita ma ba ta san sarkin da ya zo cinye su shi ne Pawan ba.

Ya yi nasara. Yana zagaya fagen fama cikin gawarwaki sai ya ga dokin da ya bar mata, ya bi sawu ya same ta da rauni, sannan Arya ya mutu a hannunsa da kibau a bayansa. Ya koma bakin ruwan nan na farko ya jefa takobin. Ɗan taƙaitaccen bayani ya sanar da cewa daga nan ya duƙufa ga yaɗa addinin Buda da zaman lafiya, fim ya ƙare.

Ba abin mamaki ba ne idan ɗan kallo Bahaushe ya ji kamar a gida yake. Kishin 'yan uba a gidan sarauta, da uwar da take tsoron a cutar mata da ɗa, da yariman da ya ɓad da kama ya auri gimbiya, duk tubala ne da tatsuniya da ƙagaggun labaran Hausa suka saba gini da su. Amma abu biyu a zubin sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, abin da ya karya zuciyar Ashoka yaro ɗaya ne da ya sani. Dubban gawarwakin da ya tsallake kafin ya isa gare shi ba su yi masa haka ba. Da a ce Kaurwaki da Arya sun mutu tun farko kamar yadda aka faɗa masa, babu abin da fim ɗin ya nuna da zai sa ya jefar da takobin. Na biyu, fim ɗin ya kusa sa'o'i uku, amma ya tsaya daidai inda barin yaƙi ya fara. Sivan gwanin ɗaukar hoto ne tun kafin ya zama mai ba da umarni, kuma duk gwanintarsa ta tafi ne wajen ƙawata sara da suka, da ƙurar dawaki da giwaye, da walƙiyar ƙarfe. Kusan shekara talatin da Ashoka ya yi yana mulki bayan Kalinga, waɗanda su ne dalilin da ya sa duniya take tunawa da shi, 'yan daƙiƙoƙi suka samu. Fim ne da yake wa'azin lumana da bakinsa, idonsa kuwa yana kan yaƙi.

3.0 Abin da Duwatsu Suka Ce

Ashoka na tarihi ya yi mulki daga wajen 268 zuwa 232 kafin Miladiyya, kuma ya bar bayanansa sassaƙe a jikin duwatsu da ginshiƙai daga Afganistan ta yau har kudancin Indiya. An daɗe ba a iya karanta su ba, sai a 1837 James Prinsep ya warware rubutun Birahmi, sannan a 1915 aka samu rubutun Maski wanda ya ambaci sunan Ashoka ƙarara. Sunan Karuvaki ya zo a wani gajeren rubutu a ginshiƙin Allahabad a matsayin matar sarki ta biyu, mahaifiyar Tivala. Gudun hijirarta da auren ɓoye da fitarta fagen yaƙi duk ƙagen masu fim ne.

Labarin Kalinga yana cikin rubutun dutse na 13. A ciki sarkin ya ce an ci ƙasar shekara takwas bayan naɗinsa, wato wajen 261 kafin Miladiyya, an kwashe mutum 150,000, an kashe 100,000, waɗanda suka mutu daga baya kuma sun ninka haka. Ya ce abin ya yi masa nauyi, kuma abin da ya fi damunsa shi ne halin da malaman addini da magidanta na kirki suke shiga idan aka kashe ko aka kore waɗanda suke ƙauna. Ya ce ko kashi ɗaya cikin ɗari ko cikin dubu na wannan adadi ya isa ya dame shi a yanzu. Babu gimbiya a nan, babu yaro sananne. Nadamar da ke kan dutsen ta fi ta fim faɗi, domin a kan mutanen da bai sani ba ce. Dole a ba shi wannan. Sarakuna masu nasara a ko'ina ƙirga garuruwan da suka ci suke yi, kuma mai karanta Tarihin Kano ko mai sauraron waƙoƙin fada ya san haka. Samun wanda ya ƙirga gawarwakin abokan gabarsa, ya sa aka sassaƙa adadin domin jikoki su gani a matsayin abin baƙin ciki, abu ne mai wuya ƙwarai.

Amma wannan rubutu ɗin dai shi ne ya gargaɗi mazauna dazuzzuka cewa sarkin, duk da nadamarsa, yana da ƙarfi, su shiga taitayinsu kada a kashe su. Ya shawarci 'ya'yansa da jikokinsa kada su nemi sabon cin ƙasa, in kuma sun yi to su sassauta horo. Babu wata shaida cewa ya rushe rundunarsa. Bai soke hukuncin kisa ba, iyaka dai rubutun ginshiƙi na 4 ya ba wa wanda aka yanke wa hukunci jinkirin kwana uku. Ya rage yankan dabbobi a madafar fada, ya sa a haƙa rijiyoyi a dasa itatuwa a bakin hanya, ya yi umarni da girmama addinan juna. Kalinga kuwa ta ci gaba da zama lardin Mauriya, babu inda ya ce ya maido da mutum 150,000 ɗin nan gidajensu. Masana irin su Romila Thapar (1961) sun nuna cewa manufarsa ta dhamma, wato kyakkyawar ɗabi'a da sarki yake kira zuwa gare ta, tana da fuskar siyasa: hanya ce ta riƙe daula mai faɗi, mai yawan harsuna da addinai, bayan babu sauran babbar ƙasar da ta rage a ci a kusa. Ko shigarsa addinin Buda ma, wani ƙaramin rubutun dutse ya nuna a hankali ta faru, domin da bakinsa ya ce ya shafe fiye da shekara biyu da rabi yana mabiyi ba tare da wani himma ba.

4.0 Ahimsa a Bakin Bahaushe

Kalmar da fim ɗin yake kewaye da ita ita ce ahimsa, wato ƙin cutar da duk wani mai rai, akidar da ta samu gindi a addinan Jaini da Buda da Hindu. Mai fassara zuwa Hausa zai sha wuya da ita. Lumana tana nufin yin abu cikin ruwan sanyi, zaman lafiya kuma hali ne da al'umma take ciki, shi ne karin magana ya ce ya fi zama ɗan sarki, maganar da kusan za a ce a kan Ashoka aka yi ta. Haƙuri, wanda Kirk-Greene (1974) ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki, ya fi kusa, sai dai haƙuri na wanda aka cuta ne ko wanda ba shi da yadda zai yi. Babu ɗaya daga cikinsu da ta haramta zubar da jini baki ɗaya, kuma ba za a sa ran haka ba a al'ummar da shari'arta ta san ƙisasi da kare kai da layya.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai barin amfani da ƙarfi na wanda ba shi da mulki, irin na Gandhi, ko na Abdul Ghaffar Khan wanda ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929 a tsakanin Musulmin Fashtun, ya gina ta a kan haƙuri irin na zamanin Makka. Wannan ba baƙo ba ne a Arewa. Alan Feinstein (1973) ya nuna tasirin Gandhi a tunanin Malam Aminu Kano, kuma 'yan NEPU tun daga 1950 sun san ɗauri da bulala a kotunan En'e. Na Ashoka wani abu ne daban. Shi mai mulki ne, ya riga ya ci, babu wanda ya isa ya hana shi. Kalmar Hausa da ta dace da wanda ya yi ɓarna sannan ya daina ita ce tuba.

Da zarar an ce tuba kuwa, an shiga fagen da ɗalibin makarantar ilimi a Kazaure ko Roni ya san ƙa'idojinsa tun yana yaro. Ahalari ya buɗe da sharuɗɗanta: nadama a kan abin da ya wuce, da niyyar rashin komawa, da barin laifin nan take. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ƙara da mayar da abin da aka zalunta ga masu shi. Idan aka ɗora Ashokan fim a kan wannan ma'auni, ya cika uku na farko a fitowa ɗaya, a bakin ruwa. Na huɗun ne fim ɗin bai ko tayar da shi ba. Takobin ya nutse, amma karagar da aka hau ta kan gawar 'yan'uwa tana nan, ƙasar da aka ci tana hannu. Ba a nufin a hukunta sarkin da ya rayu kusan ƙarni tara kafin Hijira da fiƙihun Malikiyya. Abin nufi shi ne, ɗan kallo da kayan aunawarsa yake zuwa, kuma kayan aunawar Bahaushe sun hango giɓin da masu tarihi suka gano daga duwatsu.

5.0 Yadda Yaƙin Kazaure ya Ƙare

Ƙasar Kazaure kanta ta samu ne daga yaƙin da aka tsayar, shi ya sa kwatancin yake da amfani. Ɗan Tunku, shugaban Fulani a arewacin Kano, ya taka rawa a farkon jihadi wajen hana rundunonin sarakunan Kano da Katsina da Daura haɗa ƙarfi, kuma ya samu tuta daga Shehu. A zamanin Sarkin Kano Sulaimanu an zauna ba tare da fito-na-fito ba. Da Ibrahim Dabo ya hau a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yin mubaya'a, aka shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa. Lokacin da Clapperton ya iso Kano a Janairun 1824 ya tarar da maganar yaƙin tana kan ganiyarta, har ya ambace ta a labarin tafiyarsa. Kamar yadda Johnston (1967) ya kawo, Dabo ya kai ga shiga Kazaure, amma bai iya riƙe ta ba, daga ƙarshe aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi kuwa ya tabbatar wa Ɗan Tunku 'yancinsa. Kazaure ta zama masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye, an yanko ta daga gefen Kano da Katsina da Daura. Ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi na yau a kan wannan hukunci suke zaune.

A wannan labari babu wanda ya zagaya fagen fama yana kuka, babu takobin da aka jefa a ruwa. Dabo ya ci gaba da sarauta har 1846, kuma a matsayin jarumin da ya murƙushe tawaye ake tunawa da shi. Amma abin da Kalinga ba ta samu ba Kazaure ta samu: wanda ya fi yawan dakaru ya janye, ƙasa ta zauna a hannun masu ita. Wannan shi ne sulhu, kuma bambancinsa da tuba a fili yake. Tuba tsakanin mutum da zuciyarsa da Ubangijinsa take farawa, shi kuwa sulhu sai da na uku, wanda ɓangarorin biyu suka yarda ya fi su. Dabo da Ɗan Tunku duk a ƙarƙashin tuta ɗaya suke, ƙin bin hukuncin Bello zai zama fita daga jama'a. Ashoka ba shi da Bello. Babu wanda yake sama da shi da zai ce masa ya saki Kalinga, saboda haka iyakar barin yaƙinsa ita ce iyakar da shi ya ga dama.

Ba za a ce Bello ba shi da lissafinsa na siyasa ba. Ƙaramar masarauta mai biyayya a tsakanin manyan masarautu uku ba asara ba ce ga Sakkwato. Kuma sulhun iyakarsa inda ikon mai sulhun ya tsaya. Damagaram ba ta ƙarƙashin Sakkwato, don haka babu wanda zai shiga tsakani. Dambo, ɗan Ɗan Tunku da ya gaje shi a 1824, a hannun mayaƙan Damagaram ya rasu a 1857, zamanin Tanimu, kuma garuruwan bakin iyaka irin su Babura, wadda a lokacin take cikin ƙasar Kano, sun ci gaba da zama cikin shirin hari har ƙarshen ƙarnin.

Idan ana neman wanda ya fi kama da Ashoka ta fuskar zuciya a tarihin wannan yanki, to Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne. A 1807, ana tsakiyar samun nasara, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki, saboda ganin yadda neman mulki da dukiya ya mamaye zukatan mayaƙa da yawa, abin da ya bayyana a Tazyin al-Waraƙat. A Kano aka tsayar da shi, a nan ya rubuta Diya' al-Hukkam, sannan ya koma. Sai dai shi ƙorafinsa a kan gurɓacewar niyya ne, halaccin yaƙin bai taɓa zama abin tambaya a gare shi ba. Abin lura kuma shi ne abin da ɓacin ransa ya haifar: littafi a kan yadda mai mulki zai yi hukunci da adalci. Ashoka ma, bayan nadama, umarni ya shiga rubutawa ga jami'ansa. Wannan ɓangare na aikin, wato mayar da baƙin ciki ya zama doka, shi ne wanda fim ba ya iya ɗauka da daɗin kallo, shi ya sa Sivan ya tsallake shi.

6.0 Tubabbu

Waɗannan kalmomi ba na littafi kaɗai ba ne a yau. Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, inda gwamnatin Aminu Bello Masari ta zauna da shugabannin 'yan bindiga a 2019, sannan a 2020 ta sanar da cewa yarjejeniyar ta rushe. Tun 2016 kuma gwamnatin tarayya take gudanar da shirin karɓar tubabbun 'yan Boko Haram. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021 ya rantse da Alƙur'ani, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can aka kashe shi. Miƙa bindiga a gaban kyamara ɗan'uwan jefa takobi a ruwa ne: fitowa ce mai kyan gani wadda take nuna an daina. Tambayar Risala tana nan a bayanta, ta shanun da aka kora da gonakin da aka hana nomawa da diyyar waɗanda aka kashe. Tambayar Kazaure ma tana nan, ta wanda ɓangarorin biyu suka yarda ya fi su, wanda zai iya tilasta abin da aka amince a kai. Ana kiran abin tuba a wani lokaci, a kira shi sulhu a wani, ba tare da an cika sharaɗin ko ɗaya daga cikinsu ba.

A irin waɗannan zama, waɗanda aka yi wa ɓarna su ne ba a cika jin muryarsu ba, kuma haka abin yake a fim ɗin. Da zarar Arya ya cika, kyamara ta bi Ashoka zuwa bakin ruwa, ba a sake tambayar yadda Kalinga ta kwana ba. A tarihi ma akwai abin da ya yi kama da wannan. A Dhauli da Jaugada, wurare biyu na ƙasar Kalinga da aka sassaƙa jerin umarnin Ashoka, ba a sa rubutu na 13 ba. Mutanen Shahbazgarhi da Girnar, masu nisan ɗaruruwan kilomita, sun karanta nadamar sarki, waɗanda aka yi nadamar a kansu kuwa wasu rubuce-rubuce biyu na daban aka ba su, inda sarkin yake cewa ya ɗauki talakawa kamar 'ya'yansa, yana kuma gargaɗin jami'ansa a kan ɗauri da azabtarwa ba bisa ƙa'ida ba. Ko kunya ce ta hana, ko tsoron tayar da tsohon miki, masana sun yi saɓani.

Muryar Kalinga ta fito ne daga baya, bayan daular Mauriya ta rushe wajen 185 kafin Miladiyya, ƙasar ta koma hannun sarakunanta. A kogon Hathigumpha, kusa da birnin Bhubaneswar na jihar Odisha, 'yan kilomitoci daga Dhauli, Sarki Kharavela ya bar nasa rubutun. Ya lissafa yaƙe-yaƙensa shekara bayan shekara, ya ce ya kai hari Magada, cibiyar tsohuwar daular, ya sa sarkinta ya rusuna masa, ya kuma dawo da wani gunki mai tsarki da wani sarkin gidan Nanda ya ɗauke daga Kalinga tun kafin zamanin Mauriya. Kharavela mabiyin addinin Jaini ne, addinin da ya fi kowane tsanantawa a kan ahimsa. A abin da ake iya karantawa na rubutun, sunan Ashoka bai fito ba.